Tablon Hasanatu da Kunun Kanwa

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagon da ke kusa da tashar 'yan zemijan, wato masu acaɓa, ta Cacavéli a birnin Lomé, a shekarun da ba kowa ke da kwamfuta ba, ya san Hasanatu ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai mayafi ruwan toka da ke zama can ƙurya, tana bugu ba ta kallon yatsunta. Ɗalibai su kawo mata littafin kammala karatunsu da rubutun hannu kamar kaji sun yi tono, ta mayar musu da shi Faransanci tsaf. Ta buga na aikin likita, ta buga na noma, ta buga na shari'a. Kusan shekara ashirin sunayen mutane take jerawa a bangon littafi, nata bai taɓa hawa ba.

A Zongo aka haife ta. Mahaifinta mahauci ne daga wajen Sakkwato, shanu suka kawo shi Lomé, ya ga wuri ya zauna. Ya sa ta lekol, makarantar boko, har ta kai ajin ƙarshe na kolej, daga nan ta auri Buraima, direban tirela mai ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Yamai. 'Yarsu ta fari Nafissatou, ana yaye ta yayar Buraima, Gwoggo Shamsiya, ta zo ta saɓa ta a baya ta tafi da ita, kamar yadda aka saba a danginsu. A gidajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a sha'aninsa. Yaran Zongo na yanzu sun saki wannan, amma Hasanatu ta riƙe. Idan zancen ya kama, sai ta ce yarinyar Gwoggo. Har aka aurar da Nafissatou ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba.

Da wayoyi suka cika gari, kowa ya koma buga abinsa da kansa, shago ya yi shiru. Hasanatu ta riga ta haura arba'in. Maimakon ta kafa teburin ƙosai a ƙofar gida kamar yadda aka ba ta shawara, sai ta je Adidogomé ta rubuta sunanta a wata makarantar koyon aikin taimakon jinya mai ajin yamma. Matan unguwa suka samu abin hira. Idan ta fito da jaka a kafaɗa za ta tsayar da zemijan, sai wata ta leƙo ta ce a gai da maitiris, malamar lekol, kada a manta da alli. Buraima bai hana ba, sharaɗinsa ɗaya ne, kada ta kawo masa aikin gida ya duba.

Darasin da ya fi firgita 'yan ajin shi ne ƙididdigar lafiya. Malaminsa Musye Alassani, mutumin Sokodé, siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Ya koya musu aiki da tablo, wato shafin nan na kwamfuta mai gida-gida, da layuka a kwance da ginshiƙai a tsaye. Dokokinsa ba su da yawa. Kowane mutum layi ɗaya. Kowace tambaya ginshiƙi ɗaya. Ba a rubuta suna, lamba ake ba mutum, don sirrinsa nasa ne. Abin da ba ka auna ba kada ka sa masa sifiri, ka bar gidan fanko. Yara 'yan shekara ashirin suna ta gumi, ita kuwa yatsunta sun san hanya tun kafin a haife su. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda za ka jera mutane talatin, ka ba injin umarni guda, ya dunƙule su ya miƙo maka lamba ɗaya, ya ce ga matsakaicinsu.

Ƙarshen zango kowa zai nemi mutanensa ya auna wani abu, ya tsara, ya taƙaita. Wasu suka auna tsawon 'yan aji, wani ya auna nauyin 'yan ƙwallon unguwarsu. Hasanatu ta ce ita masu jegon Zongo za ta bi. Za ta auna musu hawan jini a makon haihuwa, ta sake aunawa dab da arba'in, ta kuma rubuta wadda ke shan kunun kanwa kullum da wadda ba ta sha.

Ba ta gaya wa malamin dalili ba. Tana da ƙanwa, Ruƙayyat, wadda ta rasu tana cikin jego shekaru da yawa da suka wuce, ƙafafu sun kumbura, numfashi ba ya barin ta kwanta sai a jingine. An ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Yanzu kuma ga Nafissatou da tsohon ciki, takalmi ya daina shigarta. Ungozomar asibiti ta ce jininta yana hawa, a rage gishiri, idan ta haihu kuma kada a ba ta kanwa. Da aka kai wa Gwoggo saƙon sai ta taɓe baki, ta ce matar nan 'yar ƙabilar Ewe ce, me ta sani game da jikinmu. Kanwa ke kawo nono, ita ke korar sanyi. Ta ma riga ta sa Buraima ya sayo mata kanwa ungurnu mai kyau daga Yamai, shi kuma ya ɗauko a tirelarsa bai tambayi ko ta mece ce ba. Hasanatu ta ga ƙunshin a ɗakin Gwoggo, ta kau da kai, don ba huruminta ba ne. Amma ta yi tunanin idan maganar matar Ewe ba ta shiga ba, ta matan Zongo da kansu za ta shiga.

Ta aro na'urar awo a makaranta. Ranakun Asabar da Lahadi ta riƙa bin gidajen da aka yi haihuwa, da sabulun barka a leda da na'ura a jaka. Ba ta buƙatar tambaya, ƙamshin ganyen dalbejiya da ake tafasawa shi ke nuna mata ƙofar. Gidan Zabarmawa, gidan Kotokoli, gidan Kanawa, gidan Buzaye masu gadi, duk Hausa ce ke haɗa su. Masu jegon su miƙo hannu suna dariya, su ce likita ta zo. Tsofaffi su zuba mata ido daga bakin murhu. A zagaye na biyu wasu ba ta same su ba. A ce mata tana hutawa, ko ta je gida. Ta yi yadda aka koya mata, ta bar gidan fanko.

Da ta gama, ta raba su gida biyu ta nemi matsakaici. Masu shan kanwa sun ɗara, amma da ɗan kaɗan, abin da ba za ka ɗaga murya a kansa ba. Duk da haka zumuɗi ya ɗebe ta. Ta rungumi kwamfuta ta tafi gidan Gwoggo da la'asar, ta durƙusa ta gaishe ta, ta buɗe.

Gwoggo Shamsiya mace ce mai jiki, mai sayar da atamfa tun ana kai kaya Akra a ƙafa a tsallake iyaka, ba a yi mata wayo da lamba. Ta ce a karanto mata. Hasanatu ta karanto, awon jinin marasa shan kanwa sha uku, na masu sha kuma sha uku da ɗan ɗori.

"Shi ke nan?" in ji Gwoggo.

"Shi ke nan, Yaya."

"To ashe injin naki ya fi ki hankali. Ni na sha, uwarki ta sha, ke ma kin sha har kina neman ƙari, ga ki nan garau kina yawo da akwati a unguwa. Rufe ki ɗauki goro."

Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Sunan Ruƙayyat ya zo wa Hasanatu har maƙogwaro, ta haɗiye. Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki goron.

Ran Litinin ta kai wa Musye Alassani aikin, da niyyar ta ce masa ba ta samu komai ba. Bai ko dubi matsakaicin ba. Ya gangara cikin layukan a hankali, ya tsaya a ginshiƙin awo na biyu, ya sa bakin biro a kan gidajen da ba komai. Ya ce ta yi daidai da ba ta sa sifiri ba, amma ta tuna idan injin zai fitar da matsakaici tsallake fanko yake yi, kamar ba a taɓa haihuwar mai layin ba. Lambar da ta samu ta matan da suka iya fitowa suka miƙa hannu ce kawai. Sai ya tambaye ta ina sauran suka shiga.

Ta ce an ce suna hutawa.

Tana faɗa ta ji maganar da kunnen 'yar Zongo. Ita da kanta sau nawa ta tsaya a ƙofar ɗakin Ruƙayyat ta ce wa masu zuwa dubiya tana hutawa? Ba a gaya wa baƙo mai jego ba ta da lafiya, ana tsoron baki, ana tsoron a ce gidan ba su iya kula ba. Ta shiga gidajen nan da na'ura a jaka, aka karɓe ta a matsayin baƙuwa, aka ba ta amsar baƙi, ita kuma ta rubuta kamar yau ta sauka a garin.

Ta koma, wannan karon ba jaka. Ta ɗaura zanen gida, ta ɗauki kwanon tuwo da miyar kuka a rufe da faifai, ta shiga ta zauna a tabarma ta taya tsinke ganye, ta bar hira ta kai kanta inda za ta. Ɗaya da gaske ta tafi Djougou wurin iyayenta. Ɗaya sun tashi sun koma Adakpamé, lafiyarta lau. Uku kuwa suna kwance. Biyu a ƙuryar ɗaki, an jera musu matasai a baya, ƙafafu kamar an hura. Ta ukun tana asibiti, uwar mijinta ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, ta ce don Allah kada a ji a waje. Hasanatu ba ta bar gidaje biyun nan ba sai da ta ga an kira zemijan. Da ta koma ta buɗe tablo ta bi lambobinsu, dukansu uku suna cikin masu shan kanwa.

Ta so ta cika gidajen tablo da ke fanko da manyan lambobi. Musye Alassani ya ce a'a, ba ta auna ba. Ta ƙara ginshiƙi, ta rubuta dalilin rashin awo, ta ƙirga su a gefe. Ya kuma ja mata kunne. Mutanenta ba su da yawa. Mai shan kanwa kullum wataƙila ita ce kuma mai wanka da ruwa mafi zafi, ko mai yawan haihuwa, ko mai hawan jini tun asali. Da wannan tablon ba za ta ce kanwa ce ba, iyaka ta ce akwai abin dubawa. Ta san gaskiyarsa, ta rubuta haka a ƙarshen aikin, kalma bayan kalma. Da za ta fita ya tambaye ta ko ta gamsu. Ta ce a takarda ta gamsu, amma ita tana da mutum ɗaya da ba za ta jira a tara dubu kafin ta yi magana a kansa ba.

Nafissatou ta haifi namiji. Asibiti suka riƙe ta kwana biyu saboda jinin, suka sallame ta da ƙwayoyi, aka wuce da ita gidan Gwoggo inda za ta yi jego. Washegari da hantsi Hasanatu ta dama koko na gero zalla, ba kanwa, ta cika fulas ta tafi. Kwamfutar ta bar ta a gida.

Tsakar gidan cike yake da mata 'yan barka. An riga an yi wankan safe, ƙasa jiƙe, ganye warwatse. Abin da ake jira daga uwar 'yar fari sananne ne. Ta shigo kanta a sunkuye, ta zauna nesa, idan an miƙo mata jariri ta noƙe, a yi ta tsokanarta tana rufe fuska. Hasanatu ta gaida kowa, ta zauna inda ya dace. Gwoggo tana bakin murhu tana juya tukunya, kunun ya yi jajir, ƙamshinsa ya cika gidan. Ta cika ƙwarya, ta sa ludayi, ta nufi ɗakin mai jego. Nafissatou tana zaune a bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsugune, fuskarta a kumbure.

Hasanatu ta miƙe ta sha gaban Gwoggo.

"Yaya, a raba wa baƙi wannan. Na kawo nata."

Gwoggo ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi fulas ɗin. Ta ce ai ta ɗauka an gama wannan zancen, injin da kansa ya ba da shaida. Hasanatu ta ce injin bai yi ƙarya ba, waɗanda suka iya tashi ya ƙirga. Akwai gida uku a unguwar nan da bai ƙirga ba. Ba za ta faɗi suna ba, an hana su a makaranta, kuma ba sai ta faɗa ba. Wata tsohuwa ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zanenta.

"Rai na Allah ne," in ji Gwoggo. "Ko Ruƙayyat da kike ta kewaye-kewaye a kanta, kwananta ne ya ƙare."

"Kwananta ne. Amma ni na ga ƙafafunta, Yaya, kuma ina ganin waɗannan."

Gwoggo ta juya wajen matan, ƙwarya a hannu, ta yi murmushin wadda ta san inda za ta kama mutum. Ta ce su taya ta ji, yau lekol ta kawo sabon abu. Ita ta goya yarinyar nan, ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta ɗakin miji, wata kuma ko kallonta ba ta taɓa yi ba a gaban mutane.

"Wai a kan wa ma kike magana, Hasana? Faɗa mana. Waɗannan ƙafafun na wa?"

Gwoggo ta san Hasanatu ba za ta iya ba. Duk wadda ke wurin ta san haka. Hasanatu ta ji nauyin shekara ashirin da wani abu a kan harshenta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na Nafissatou ne. 'Yata. Ba za ta sha ba."

Wata ta yi salati. Wata ta kai hannu ta rufe baki. Wata yarinya matar aure ta fashe da dariyar tsoro, aka zungure ta. Gwoggo ta tsaya kamar an watsa mata ruwa, ta ce to, kunya ta ƙare a gidan mahauta, sai a jira tashin duniya.

Nafissatou ce ta raba su. Tana kallon uwarta kamar ba ta taɓa ganinta ba, idanunta sun kawo ruwa, amma muryarta ba ta rawa.

"Gwoggo, wankan ke za ki yi mini, ba wanda zai taɓa ni sai ke. Maman, miƙo fulas ɗin."

Gwoggo ta dire ƙwaryar a kan turmi har kunun ya fantsala, ta shige ɗakinta ta saki labule. Matan suka sha kunun kanwar da kansu, kowa na cewa ya yi daɗi, ba mai kallon wani.

Daga ranar Gwoggo ba ta sake amsa gaisuwar Hasanatu ba. Ita kuwa ba ta fasa zuwa ba. Kowace safiya ta sauka daga zemijan da fulas da na'ura, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Gwoggo ta gaida labule, ta jira gwargwadon yadda amsa za ta ɗauka, ta tashi. Ta auna Nafissatou, ta tabbatar ta haɗiyi ƙwayarta, ta tsoma gwiwar hannu a ruwan wanka, idan ya yi zafi da yawa ta sirka a gaban kowa. Ranar suna aka ce da ita marar kunya a wuri uku, ɗaya ma a kunnenta. Da Buraima ya dawo daga Yamai yayarsa ta aika aka kira shi, ya je ya sha faɗa, ya dawo ya ce shi da ya san rigimar da ke cikin ƙunshin nan da ya bar shi a Dosso.

Jinin ya riƙa sauka a hankali. Gwoggo ta gaya wa unguwa wankanta ne. Ungozomar asibiti ta ce ƙwayoyin ne. Hasanatu ba ta ce koko ba ne, don ta san layi ɗaya ba ya tabbatar da komai, ita ce ma ta rubuta haka da hannunta. Aikinta ya samu maki na tsaka-tsaki. Musye Alassani ya rubuta a gefe cewa tsarin ya yi kyau, mutanen sun yi kaɗan, ta ci gaba.

Ta ci gaba ɗin. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a bakin Zongo, tablon kuma yana nan yana ƙara tsawo. Idan aka ce mata mai jego tana hutawa, sai ta cire takalmi ta ce ita ma hutun ta zo yi, ta nemi tabarma. Akwai gidajen da ba a son ganinta har yau, akwai kuma matasan matan da ke aiko mata saƙo a waya tun ciki na wata bakwai, su ce Tanti, idan lokaci ya yi ki zo ki tsaya mini. Ran Juma'a tana zuwa gaida Gwoggo, labulen bai amsa ba tukuna.

Ranar da Nafissatou ta yi arba'in ta fito yawon gaida dangi, ta saka takalmin da ya ƙi shigarta watanni, jariri a baya, ta tako da ƙafarta har unguwar iyayenta. Hasanatu tana shanya a ƙofar gida ta hango ta daga nesa. Maƙwabta suna zaune a inuwa, waɗanda suka riƙa aika gaisuwa ga maitiris. Ta ajiye zanen da ke hannunta, ta fito tsakiyar hanya, ta kira ta da sunanta yadda na ƙarshen layi ma zai ji.